Spice and Wolf: Littafi, Manga ko Anime, Ta Ina Zan Fara?

"Malam, barka da aiki. Na fara kallon wani anime, wato fim ɗin zane na Japan, mai suna Spice and Wolf, wanda ya fito a 2024. Na kai kashi na huɗu sai zancen kuɗin azurfa ya rikita ni, har na rasa wa ke cutar wa. Abokina ya ce in bar shi in nemi tsohon na 2008, wai ya fi. Wani kuma ya ce asalinsa littafi ne, kuma akwai manga, wato labarin da aka zana hoto-hoto a takarda. Shin duka labari ɗaya ne, ko kowanne da nasa? Ta ina ya kamata in fara? Sannan zan iya kallo tare da ƙannena?"

Barka kadai, ƙanena. Idan na fahimce ka, kana so ka san ko waɗannan abubuwa da ake ta ambata maka tushensu ɗaya, da wanda ya cancanci ka ba shi lokacinka da datarka, sannan ga damuwar yaran gida. Labarin ɗaya ne. Hannuwa daban-daban ne suka ɗauke shi, kuma kowane hannu akwai abin da ya zubar a hanya. Wurin da ka maƙale kuwa, nan ne mafi yawan masu kallo ke maƙalewa, don haka zan daɗe a kansa. Sai dai ka sani, dole in fasa maka ƙwan wasu abubuwa na littafi na ɗaya zuwa na huɗu, don babu yadda za a yi bayanin cinikin ba tare da an taɓa su ba.

Asalin abin

A Japan akwai wani nau'in ƙagaggun littattafai da ake kira light novel. Ƙanana ne, ana buga su a girman da zai shiga aljihun riga, faɗin santimita 10.5, tsawo 14.8. Shafukan farko zane ne mai launi, a ciki kuma akan sa zane baƙi da fari jefi-jefi, amma sauran duk rubutu ne zalla. Matasa aka fi yi wa su. Ɗaya daga cikin manyan masu buga su shi ne Dengeki Bunko, wanda aka kafa a 1993, kuma yana shirya gasar sababbin marubuta duk shekara. A gasar karo na 12, a 2005, wani saurayi mai suna Isuna Hasekura ya ci kyautar azurfa da wannan labari. Littafi na farko ya fito a watan Fabrairun 2006 da zanen Jū Ayakura, aka ci gaba har littafi na 17 a 2011, inda babban labarin ya ƙare. A 2016 marubucin ya dawo da ƙarin gajerun labarai na bayan ƙarshe, da kuma wani sabon jeri mai suna Wolf and Parchment wanda ke bin yaran da suka taso.

Yana da kyau ka san lokacin da aka rubuta shi, domin zai taimake ka ka daidaita abin da kake jira. Yawancin labaran almara na Japan da suka cika intanet yanzu sun taso ne daga shafin Shōsetsuka ni Narō, musamman daga 2012 zuwa sama, inda jarumi kan mutu a duniyarmu ya farka a wata duniya da ƙarfin da ba mai iya tare shi. Spice and Wolf ya riga su, kuma hanyarsa daban. Kraft Lawrence farke ne ɗan shekara 25, abin da ya mallaka doki ɗaya da amalanke da ɗan jarinsa, burinsa ya tara kuɗi ya buɗe shago a gari ya huta da kwanan hanya. Bai iya takobi ba, ba shi da tsafi. Wata rana bayan ya bar ƙauyen Pasloe da damin alkama a cikin kayansa, sai ya tarar da yarinya kwance a cikin fatun da ya ɗauko, mai kunnuwa da jelar kyarkeci. Ita ce Holo, kyarkeciyar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana kula da amfanin gonar ƙauyen saboda alkawarin da ta ɗaukar wa wani saurayi tun zamanin da. Mutanen sun koyi sababbin dabarun noma, sun daina buƙatarta, har suna zagin ta a shekarar da ta hutar da ƙasa. Tana so ta koma garinsu Yoitsu, can arewa mai sanyi, shi kuma ya yarda ya raka ta.

Zancen kyarkeci a cikin alkama kuwa marubucin bai ƙirƙiro shi daga iska ba. Manoman Jamus da Faransa na da sukan ce kyarkeci na wucewa idan iska ta kaɗa gonar hatsi, kuma sun yi imani yana ɓuya a damin ƙarshe da aka yanka. Wani masanin al'adu Bajamushe, Wilhelm Mannhardt, ya tattara waɗannan al'adu a ƙarni na 19, James Frazer kuma ya yaɗa su a littafinsa na 1890. Bikin girbin da ka gani a kashi na farko, inda ake bin wanda ya yanke damin ƙarshe da gudu, daga nan aka samo shi.

Zancen azurfar da ya rikita ka

A duniyar labarin ƙasashe suna da yawa, kowane sarki da coci da babban gari na buga tsabar kuɗinsa. Darajar tsaba tana tsaye ne a kan abu biyu, yawan azurfar da ke cikinta da yardar da 'yan kasuwa suka yi mata. Kakanninmu fatake sun san wannan sarai. Tsabar azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya ta yi yawo a kasuwannin Borno da ƙasar Hausa a ƙarni na 19, kuma ko yaushe aka buga ta shekarar 1780 ake rubutawa a jikinta, nauyinta da azurfarta ba sa canzawa, shi ya sa ake karɓar ta ba gardama. A labarin nan, tsabar da ke da irin wannan yarda ita ce trenni.

Wani saurayi mai suna Zheren ya zo wa Lawrence da gulma, cewa za a ƙara azurfa a cikin trenni. In haka ne darajarta za ta tashi, wanda ya tara ta tun yanzu zai ci riba. Ya nemi a biya shi kuɗin labari da la'ada daga ribar. Lawrence ya kai tsabobin wurin abokinsa Weiz ɗan canji, shi ma bai ga bambanci ba. Holo ce ta kaɗa su a tafin hannunta ta saurara, kunnenta ya ji cewa sababbin da aka buga sautinsu ya ɗan dushe. Wato azurfar raguwa take yi. Sarkin Trenni baitulmalinsa ya yi ƙasa, yana narkar da tsofaffin tsabobi yana gauraya su da ƙarfe mai araha, ta yadda azurfar tsaba goma, alal misali, za ta haifar masa da goma sha ɗaya.

To me Zheren zai samu da wannan ƙarya? Nan ne da walakin. Yaron kamfanin Medio ne. Kamfanin yana so ƙananan fatake su yi ta tara trenni. Ranar da gaskiya ta fito, kowa zai so ya rabu da tasa da gaggawa, Medio kuma yana tsaye da buhu yana saye, ba tare da ya sha wahalar bi gari-gari yana tarawa ba, ba kuma tare da kasuwa ta farga ba. Za ka ce me zai yi da kuɗin da ke faɗuwa? Akwai mutum ɗaya da ke matuƙar buƙatar tsofaffin tsabobin nan masu azurfa da yawa, shi ne sarkin da ke narkar da su. Wanda ya kawo masa su tuli guda zai iya zama ya yi ciniki da shi, ya ce bayan kuɗi a ba shi wata alfarma, kamar a ɗauke masa harajin shigo da alkama. Medio dillalin alkama ne, don haka ribarsa ta gaske tana cikin takardar alfarmar da sarki zai sa wa hannu.

Lawrence ya gano wannan, amma jarinsa bai kai ya shiga irin wannan kokawa ba. Abin da yake da shi na sayarwa shi ne sanin sirrin. Sai ya kai shi ga kamfanin Milone, abokin hamayyar Medio a garin Pazzio, ya ce su riga Medio tarawa su ba shi kasonsa. Da Medio ya ji ana neman ƙwace masa nama a baki, sai ya sace Holo ya yi barazanar miƙa ta ga Coci, wadda ke ƙona irinta. Daga nan ne gudu a cikin magudanan ƙarƙashin gari ya biyo baya. A ƙarshe Milone ya samu alfarmar ya sayar wa Medio ɗin, kowa ya tashi da wani abu, Lawrence kuma ya karɓi ladansa a masoro maimakon tsabar kuɗi. Idan ka riƙe wannan zaren, ka koma kashi na biyu, za ka ga komai ya zauna.

Me ya sa allo ke wahala da wannan labari

Sana'ata rubuta wasan kwaikwayo ce, kuma na sha karɓar littafin wani in mayar da shi na rediyo ko na allo. Abin da ke fara mutuwa a irin wannan aiki shi ne tunani. A littafi mutum zai iya tsayawa a bakin ƙofa ya yi shafi uku yana saƙa da warwara, mai karatu na biye da shi. A allo daƙiƙa biyar na shiru sun yi yawa. Dole ko dai ka ba shi abokin da zai faɗa wa abin da ke ransa, ko ka ɗora muryar zuci, ko ka yanke. Kowanne da kuɗinsa. Abokin magana yana sa mutum ya faɗi abin da mai hankali ba zai furta ba, muryar zuci in ta yi yawa sai wasan ya koma karatu, yankewa kuma tana barin mai kallo a duhu.

Littattafan Hasekura kusan gaba ɗaya daga cikin kan Lawrence ake ba da su. Muna jin yadda yake auna fuskar mai saye, yadda yake lissafin faɗuwa kafin ya buɗe baki, yadda yake fassara motsin kunnen Holo daidai ko ba daidai ba. Kashi ɗaya na anime minti ashirin da 'yan kai ne, kuma kashi shida ake ba littafi guda. Bayanin da ya ci shafuka sai ya zama magana ta minti biyu, kai kuma kana karanta fassara a ƙasan allo, idonka ɗaya na kan rubutu ɗaya na kan fuskokin. Ba abin mamaki ba ne zaren ya kuɓuce.

Wasu kan ce a bar lissafin ya wuce, ai hirar Lawrence da Holo ce daɗin abin. Ban yarda da wannan shawara ba ko kaɗan, kuma ita ce babbar maganar da nake so ka tafi da ita. Mutanen nan biyu ba su iya cewa "kada ka tafi" ba. Shi farke ne da ya saba kowace alaƙa tana da farashi, ita kuma ta binne duk wanda ta taɓa so, ta san wannan ma za ta ga tsufansa da mutuwarsa tana nan yadda take. Saboda haka da harshen kasuwa suke maganar zuciya. A ƙarshen littafi na farko Holo ta bayyana a siffarta ta ƙaton kyarkeci don ta cece shi, ta ga tsoro a idonsa, ta juya za ta tafi. Abin da ya zo bakinsa shi ne ya daka mata tsawa cewa ta yayyaga tufafinsa masu tsada, sai ta biya. Da ya farfaɗo daga jinya, sai ga takardar bashi an kawo masa, ta je kasuwa ta kwashi kaya da tuffa da sunansa. Ma'anar a fili take: ina da bashinka, don haka ba inda za ni. Bashin nan shi ne igiyar da ta ɗaure tafiyar duka. A littafi na uku, a garin Kumersun, wani matashin dillalin kifi mai suna Amati ya ƙyalla ido a kan Holo, ya tsaya gaban 'yan kasuwa ya yi alkawarin biyan trenni 1,000 don ya 'yantar da ita daga bashin ya aure ta. Yadda Lawrence zai hana shi tara kuɗin shi ne ya karya farashin wani dutse mai ƙyallin zinari da mutanen gari suka haukace a kansa lokacin biki. Wanda bai bi hawa da saukar farashin dutsen nan ba, ba zai ji bugun zuciyar Lawrence ba a ranar da yake tsaye gaban allon farashi yana jiran ko Holo na tare da shi.

Akwai wuraren da allo ya fi takarda, kuma ba zan ɓoye su ba. Dubi cinikin fatu a Pazzio. Lawrence ya ja ya ja har aka tsaya a trenni 140 na fatu 70, yana shirin sallamawa. Holo ta ja hannun rigarsa, ta karɓi maganar, ta miƙa wa mai saye fata ɗaya ta ce ya shinshina. Ƙamshin 'ya'yan itace ya ji, ta ce ai dabbobin dajin da ke cike da kayan marmari ne, ta sa shi ya ja fatar da ƙarfi ya ga ƙwarinta, ta nuna in bai saya ba akwai wasu. Aka tashi a 210. Ƙamshin kuwa na tuffar da ta kwana tana ci a kan fatun ne. A nan fuskar mai saye da muryar Holo da sandarewar Lawrence sun fi kowane bayani. Haka ma a littafi na biyu, a Poroson, inda ta yi kamar jiri ya kwashe ta, ruwan da ya zube ya gangara gefe guda, ya tona cewa teburin da aka ɗora ma'auni a karkace yake.

Amma dubi abin da ya biyo bayan teburin. Lawrence ya kama mai kamfanin da ha'inci, sai kwaɗayi ya ja shi ya tilasta masa ya ba shi sulke bashi, ninkin jarinsa. Ya isa Ruvinheigen ya tarar an soke yaƙin da ake fita arewa duk shekara, sulke ya zama kayan banza, an kuma sayar da bashinsa ga kamfanin Remelio wanda shi ma ruwa ya kai masa wuya, kwana biyu kacal aka ba shi. Ya bi gidajen abokan ciniki yana roƙon rance, ana rufe masa ƙofa, har wani ya gaya masa dalili: ka zo neman taimako da mace a gefenka. Ya juya ya bige hannun Holo. A allo abin daƙiƙa ɗaya ne, kuma yana da zafi. A littafi kana cikin kansa tun ƙofar farko, kana jin yadda mutuncin da ya yi shekaru yana ginawa ke zubewa gida bayan gida, har ka san hannun zai tashi kafin ya tashi. Wannan ne abin da nake cewa ba ya ƙetarawa zuwa allo cikakke.

Tsohon anime da sabo

Na 2008 kamfanin Imagin ne ya zana shi, ya ɗauki littafi na ɗaya da na biyu. Zango na biyu ya zo a 2009 daga Brain's Base da Marvy Jack, ya ɗauki na uku da na biyar, ya tsallake na huɗu. Daga nan aka yi shiru shekara 15. Irin wannan shiru ba baƙon abu ba ne a Japan, domin yawanci haɗakar kamfanoni ce ke zuba kuɗin anime, ciki har da mai buga littafin, kuma babban amfaninsa gare su shi ne ya tura mutane su sayi littafi da faifai da sauran kaya. Kai labari ƙarshe ba dole ba ne a lissafinsu. Na 2024 kamfanin Passione ne ya yi shi, kashi 25 daga Afrilu zuwa Satumba, ya koma farko ya bi littafi na ɗaya zuwa na huɗu a jere, kuma an sanar da zango na biyu. Takeo Takahashi da ya ja ragamar tsohon shi ne babban darakta a sabon, Jun Fukuyama da Ami Koshimizu kuma su suka sake ɗora muryoyin Lawrence da Holo. Kiɗan sabon na Kevin Penkin ne.

Babban bambancin da za ka fara cin karo da shi mutum ɗaya ne. A littafi, dillalin alkamar ƙauyen Pasloe namiji ne mai suna Yarei, tsohon abokin cinikin Lawrence, kuma shi ne ya haɗa baki da Medio. Tsohon anime ya cire shi ya ƙirƙiro budurwa mai suna Chloe, wadda Lawrence ya koya wa ciniki kuma take da wani abu a ranta game da shi. A matsayina na mai irin wannan aiki na gane dabarar, cin amana ya fi ciwo idan ya fito daga fuskar da mai kallo ya fara so tun kashi na farko. Amma akwai abin da aka biya. Yarei muryar ƙauyen ne gaba ɗaya, mutanen da suka gaji da dogaro da abin da ba su iya sarrafawa, suka zaɓi sabon noma da kariyar Coci. Da aka mayar da shi Chloe, sai ƙanshin kishi ya shiga tsakani ya rage nauyin waccan magana. Sabon anime ya dawo da Yarei, kuma a ganina ya yi daidai.

Tsallake littafi na huɗu ma asara ce. A nan ne suka sauka ƙauyen Tereo, inda wata budurwa mai suna Elsa ke riƙe da cocin da marigayi uban riƙonta ya bari, a tsakiyar mutanen da ke girmama wani maciji na gargajiya, ga kuma garin Enberch da ke neman dalilin karya yarjejeniyar sayen alkamarsu. Aka ce alkamar ta kashe mutum, aka ɗora wa baƙi. Littafin ya fi kowanne kallon bangaskiya da idon mutunci, kuma Elsa tana dawowa a littafi na 14, don haka wanda ya tsallake ta zai ji giɓi.

Duk da haka abokinka bai yi ƙarya ba. Tsohon yana da launi mai duhu-duhu da kiɗa mai sanyi, yana barin shiru ya yi aikinsa, kuma Holo ɗinsa ta fi kama da tsohuwar da ta ga duniya. Sabon ya fi haske da tsabtar zane, Holo ta fi wasa da motsin fuska. Wanda ya fara da tsohon da wuya ya saki, wannan kuma sabo ne da ɗanɗano, ba a yi wa mutum gardama a kansu. A duka biyun kada ka tsallake ɗan gajeren labarin da Holo ta kwanta rashin lafiya, wanda shi ne kashi na 13 a sabon, domin daga cikin kanta ake ba da shi, kuma a nan ne za ka ji yadda take ƙirga kwanakin tafiyar.

Manga kuwa Keito Koume ne ya zana ta, ta fito a mujallar Dengeki Maoh daga 2007 zuwa 2017, littafi 16. Tana da falala biyu. Tana zana bayanin ciniki a fili, wa ya ba wa, me ya koma hannun wa, kuma kana iya tsayawa a shafi har ka gane. Sannan ita ce kaɗai cikin masu hoto da ta kai labarin ƙarshensa zuwa yanzu. Don ta kai ɗin sai da ta tsallake wasu littattafai ɗungum ta ɗinke sauran, saboda haka gajeriyar hanya ce.

Ni da fassarar Ingilishi ta kamfanin Yen Press na karanta littattafan, wadda ta fara fitowa a Disambar 2009, don haka hukuncina a kan daɗin rubutun hukunci ne a kan fassara. Kuma kada ka ɗauki jerin a matsayin littafin tarihi. Ya aro abubuwa da yawa daga kasuwancin Turai na tsakiyar zamani, ƙungiyoyin fatake da takardun bashi da ikon Coci, amma duniyar ƙirƙirarriya ce. Tsakiyar jerin ma tana da nauyi. Rikicin garin Kerube a littafi na takwas da na tara yana da ɓangarori da yawa har sai mutum ya riƙa komawa baya, kuma akwai masu karatu na kirki da suka gaji a nan.

Batun ƙannenka

Ba zan ba ka shawarar ka zauna da yara ƙanana a gabansa ba. Holo tana fara bayyana ne ba tufafi, haka kuma duk lokacin da za ta rikiɗa. Anime ɗin yana rufe abin da ya kamata da gashi da inuwa, ba ya kuma mayar da shi abin batsa, amma a falon gidanmu ka san yadda za a kalle ka. Manga ta fi sauran bayyana jiki, har masu buga ta da Ingilishi sun sa mata alamar manya. Akwai shan giya kusan a kowane masauki. Akwai kuma batun mutanen ƙauye da suka ɗauki Holo abin bauta. Labarin ba ya kiran kowa ga hakan, ita kanta tana ƙin a ba ta wannan matsayi, tana cewa kaɗaici kawai ya jawo mata, amma yaro ƙarami ba zai iya rarrabe wannan ba sai da babba a kusa. Ko ba don komai ba, yaro ɗan shekara goma zai yi barci kafin a gama zancen canjin kuɗi. Ƙanen da ya kai ƙarshen sakandare, mai son lissafi ko kasuwanci, shi ne zai amfana, kuma ka fara kallo kai kaɗai tukuna ka auna da tarbiyyar gidanku.

Game da inda za ka fara, tunda ka riga ka shiga na 2024, kada ka sauka. Koma kashi na biyu da bayanin da na yi maka, ka bi shi har 25, kana tsayar da hoton duk inda aka fara lissafi. Idan ka gama kana son ci gaba, littafi na biyar ne ke biye, inda suka isa garin Lenos suka haɗu da Eve, 'yar kasuwar da ta fi kowa haɗari a jerin. Rabin ƙarshe na zangon 2009 ya ɗauki wannan littafi, za ka iya kallon sa don ka ɗanɗani tsohon ka kuma samu abin tattaunawa da abokinka. Idan Ingilishinka na ɗaukar dogon karatu, abin da na fi so maka shi ne ka sayi littafi na farko ka karanta shi ko da ka san abin da zai faru, ka ga ko zama cikin kan Lawrence ya yi maka. In ya yi, sauran 16 na jiran ka. In bai yi ba, ka ɗauki manga ta kai ka ƙarshe.